Jemagen Dover

Ƙarfe biyar da rabi a Dover,
fitilun tasha ba su mutu ba tukuna.
Na hau tsanin ƙarfe da kofin shayi a hannu ɗaya,
na zauna a kujerar da ta san ƙuguna
fiye da telan da ke ɗinka mini wando.

A ƙasa ana ɗaure motoci da sarƙa,
fasinja ɗari uku da 'yan kai
suna neman wurin ajiye jaka da barcinsu.

Inna ta taɓa tambayata a waya daga Gusau:
"Wai jirgin naka, na sama ne ko na ruwa?"
Na ce, Inna, jemage ne,
tsuntsaye sun ƙi shi, ɓeraye sun ce ba nasu ba.
Ta yi jim, ta ce, "To, Allah Ya sauke ku lafiya."
Ko wanne ne dai, sauka ake nema.

Injuna huɗu suka yi gyaran murya.
Fatarin roba ya sha iska, ya kumbura,
dukan ƙaton ya miƙe tsaye
kamar raƙumin da aka ce wa tashi,
muka sulale daga kankare zuwa teku
ba tare da ruwa ya san mun zo ba.

Kyaftin Pettifer, da ya koya mini,
bai taɓa ɗaga murya ba.
"Tanimu," in ji shi, "ba shi da birki.
Ba a ba shi umarni, lallashinsa ake yi.
In Calais kake so,
nuna hancinka wani waje,
ka bar iska ta ƙarasa maganar."
Shekara biyu ina zamewa a karkace
kamar loma a miyar kuɓewa
kafin tafin ƙafata ya fahimci abin da yake nufi.

Yau hazon teku ya rufe gilashi.
Moira Treloar na bayana, kanta cikin rada,
ita ce idona.
"Tankar mai a dama, mil biyu.
Wani a bayansa. Bi ta tsakani."
Unguwanni guda ne ke tafiya a kan ruwa,
mu kuwa masu tsallaka titi ne
da tiren ƙwai a ka.

Daf da yashin Goodwin
igiyar ruwa ta bakwai ta zo ba sallama.
Na ji dukan a haƙorana.
Shayi ya bar kofi,
wani yaro ya tsala ihu a ƙasa,
hancin jirgi ya sunkuya kamar zai sha ruwa.
Gethin ya ce, "Fatari ya yage ta hagu."
Na sassauta, na sassauta,
na juya farfela a hankali
yadda ake juya mara lafiya a gado.

Sai na ɗauki makirufo
na ce wa mutum ɗari uku da 'yan kai
teku ta ɗan yi tari ne kawai,
za mu koma Dover, a yi mana haƙuri.
Muryata sumul.
Gwiwata kuwa tana kaɗa ganga
inda ba mai gani sai Moira.

Minti arba'in muna ɗingishi.
Farin dutsen gaɓa ya fito daga hazo,
kankare ya miƙo hannu,
muka hau, feshi na zuba daga tagogi,
na zare iskar,
raƙumi ya durƙusa.

Wata tsohuwa mai jar hula
ta tsaya a gindin tsani tana jirana.
Na gyara wuyan riga don karɓar godiya.
Ta ce laimarta ta faɗa ƙarƙashin kujera,
wa za ta gani?

Na nemo mata.
Gishiri ya bushe a gilashi,
masu faci sun shiga ƙarƙashin fatari da fitila,
akwai tashin ƙarfe goma sha ɗaya.